FILIN SANI DA AIKI: Kukan taya da gogar birki a babur

A watan jiya wannan fili ya yi bayani a kan man inji da lokacin juye shi. A wannan wata magana ta sauko ƙasa, wajen ƙafafun babur, wato taya da wili da birki.

Babur, wanda wasu ke ce ma moto, wasu kuma mashin, ya zama jakin zamani a ƙasar Tsauni. Shi ke kai rake da tumatir da albasa kasuwar Matamaye. Shi ke ɗaukar taki zuwa gona. Makiyayi na ɗaure ɗan akuya a bayansa. Matasa ƴan kabu-kabu na cin abinci da shi tsakanin Kance da Ɗan Barto, har zuwa Mai'aduwa da Daura a Najeriya. In ciwo ya tashi cikin dare, ko naƙuda ta zo da gardama, shi ake nema a kai mutum likita. Abin da ke ɗaukar rai da dukiya haka ya cancanci a saurare shi.

Makiyayi na gane saniya marar lafiya daga tafiyarta da numfashinta tun ba ta kwanta ba. Babur ma haka yake. Kafin ya kayar da mai shi, sai ya yi ta kuka kwana da kwanaki. Wanda ya san ma'anar kukan zai yi gyara da kuɗi kaɗan. Wanda ya toshe kunne zai biya makanike, ya kuma biya mai ɗori.

KUKAN DAGA INA YAKE?

Wuri uku ne kuka ke fitowa: inji, ko sarƙa, ko ƙafa. Aiki na farko shi ne raba su.

A nemi fili mai ƙasa tsandauri, inda babu yara, babu dabbobi. A hau babur a tafi sannu. In ya ɗauki gudu kaɗan, a mai da giya firi, a kashe inji, a bar shi ya gangara da kansa. In kukan ya ɗauke tare da inji, to na inji ne ko na salansa, taya ba ta da laifi. In kuwa kukan ya ci gaba, yana raguwa yadda gudu ke raguwa, to yana ƙasa.

Daga nan sai ƙidaya. Tayar irin baburan da ake hawa a nan tana cin ƙasa kusan mita 2 a juyi guda. A kilomita ɗaya tana juyawa sau 500 da ɗoriya. Saboda haka laifin da ke wuri guda a jikin taya ko wili yana kuka sau ɗaya a kowane juyi, tak, tak, tak, kamar dakan mace guda. A sa alama da alli ko gawayi a gefen taya, a tura babur da hannu. In kukan na zuwa duk lokacin da alamar ta dawo wuri guda, an san yana tafiya da wili. In yana zuwa ba bisa wannan ƙidaya ba, a duba sarƙa.

Sai gwaji na uku. Ana cikin gangarawa, a ɗan taɓa birkin gaba, a saki. Sannan a ɗan taka na baya, a saki. In kukan ya sake murya ko ya ɗauke lokacin da aka taɓa ɗaya daga cikinsu, to an kama mai laifi, kuma an san ko gaba ne ko baya.

A ƊAGA ƘAFA A JUYA

Yanzu a ɗora babur a kan babban jak ɗinsa na tsakiya, a wuri mai ƙarfi. In rairayi ne, a sa katako a ƙasa. Inji a kashe yake, mabuɗi a aljihu. Ba a taɓa sarƙa ko wili inji na aiki, ko da wasa. Yatsu da yawa sun tafi ta wannan hanya.

A juya tayar baya da hannu. Sannan wani ya danna bayan babur, tayar gaba ta tashi, ita ma a juya ta. Tayar gaba mai lafiya, in aka wulla ta da hannu, tana juyi da dama kafin ta tsaya, kuma tana tsayawa a hankali. Ta baya ba ta kai ta gaba saki ba, don tana jan sarƙa. Amma wadda ta yi rabin juyi ta cije, ko take tsayawa kullum a wuri guda da ƙarar shaa, akwai abin da ke riƙe ta.

LAIFIN TAYA

1. Dutse, ƙusa ko ƙaya. Kukansu tak-tak ne, an fi jin sa a kan gudron. Ƙasar Matamaye ƙasar gawo ce da aduwa, ƙaya ba ta ƙarewa a hanyoyin gona. A bi zanen taya da ido da yatsa. Tsakuwa a cire ta nan take. In ƙusa ce ta shige sosai, a tuna cewa cire ta na iya sakin iska gaba ɗaya. Gara a cire ta a gaban mai faci.

2. Ƙarancin iska. Taya marar iska na gurnani, kan babur ya yi nauyi, bayansa ya riƙa rawa a kwana. Tana zafi, tana cinyewa gefe da gefe, tana ƙara shan mai. Ga babur mai inji 100 ko 125, awon da aka fi rubutawa shi ne wajen 25 a gaba, 29 a baya in mutum ɗaya ne, 32 ko 33 in akwai goyo, bisa lissafin gejin masu faci mai harufan PSI. A geji mai harufan BAR, 1,75 ke nan a gaba, 2 zuwa 2,25 a baya. Kowane babur da nasa awo, yana rubuce a ɗan littafinsa ko a wata takarda manne kusa da sarƙa, shi za a bi. A auna da safe, taya na sanyi. In taya ta yi zafi da tafiya iskar cikinta na ƙaruwa, wannan ba laifi ba ne, kada a rage. Dannawa da babban yatsa ba awo ba ne.

Masu bin rairayi na rage iska don babur ya daina nutsewa. Dabara ce mai amfani. Amma in an hau gudron ɗin da ya taso daga Takeita ya bi ta Kance da Matamaye zuwa Ɗan Barto, sai a mai da iskar a wurin mai faci na farko. A kuma dubi bawul. In ya karkace maimakon ya tsaya sak, taya ce ke zamewa a kan wili tana jan robar ciki. In an bari, bawul zai tsinke daga gindi, iska ta fita lokaci guda. Ɗan miyau a bakin bawul na nuna ko yana yoyo: in ya yi kumfa, a ɗaure shi ko a canza.

3. Taya ba ta zauna daidai ba. Wannan na faruwa bayan faci. Babur ya riƙa tsalle dim-dim ko a hanya mai kyau. A gefen kowace taya akwai siririn layi da ya kewaye ta kusa da bakin wili. Tazararsa da ƙarfe dole ta zama ɗaya ko'ina. In ya nutse a wani wuri, a sace iska, a shafa ruwan sabulu a bakin taya, a sake busawa har ta zauna. Ba a shafa man inji, don yana cin roba.

4. Kumburi da tsagewa. Taya mai ƙullutu a gefe zaren cikinta ne ya tsinke, galibi daga faɗawa rami da kaya. Ba ta da magani. Ɗinki ko cusa tsohuwar roba a ciki jinkirta fashewa ne kawai. A canza ta, balle in ta gaba ce.

5. Cinyewa. In zane ya cinye tudu da kwari, wani wuri sama wani ƙasa, taya na kuka wuu-wuu, hannu na jin karkarwa. Dalili shi ne ƙarancin iska ko shok da ya mutu. A gefen taya akwai ɗan alama mai kusurwa uku, ko harufa TWI. Daidai wurin, cikin ramin zane, akwai ɗan tudu. In saman taya ya zo daidai da wannan tudu, zanen da ya rage bai kai milimita 1 ba, kwanan taya ya ƙare.

6. Goga. In kuka na zuwa sai an ɗora kaya ko an faɗa rami, taya ce ke taɓa madiga, wato marufin da ke tare laka, ko wani noti da ya yi tsawo a ƙarƙashin kujera. A duba, za a ga wurin ya yi sheƙi. Igiyar ɗaurin kaya, bakin buhu, gefen zane ko babbar riga su ma suna taɓa wili. Wannan ya fi kowane haɗari saurin zuwa. Mai ɗaukar mace ya jira ta tattara zanenta da mayafinta kafin ya tashi.

Akwai kuma kukan da ba ciwo ba ne. Sabuwar taya mai manyan ƙuraje, irin ta rairayi da laka, tana ruri a kan gudron tun ranar da aka sa ta. Muryarta ɗaya ce, ba ta yankewa, ba ta zafi. Halinta ne. Haka kuma wayar mita da ke shiga cibiyar tayar gaba, in ta bushe tana ƙiii kamar ɓera. Ɗan giris ya ishe ta.

KARATU A JIKIN TAYA

Taya mai iska wani likitan dabbobi ne, mai suna Dunlop, ya yi ta a garin Belfast a shekarar 1888, don keken ɗansa. Yau kowace taya na zuwa da rubutu a jikinta, kuma wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai iya karanta shi da kansa.

In an ga 3.00-18, lamba ta farko faɗin taya ce, inci 3. Ta biyu girman wili ne, inci 18. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne. Tayar 17 ba ta shiga wilin 18, kuma robar ciki dole ta zama lamba ɗaya da taya.

In an ga kibiya, tana nuna inda taya za ta juya in babur na tafiya gaba. Mai faci na iya mai da ita a juye cikin sauri. Mai babur ya duba kafin ya biya.

In an ga lamba huɗu cikin ɗan zobe, ranar haihuwar taya ce. Tun shekarar 2000 haka ake rubuta ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, balle a ranar ƙasar nan. Kamfanin Michelin na ba da shawara a riƙa binciken taya kowace shekara in ta kai 5, a kuma jefar da ita in ta kai 10 ko da zanenta na nan. Wanda ya iya karanta wannan lamba ba a sayar mishi da tsohuwar ajiya da sunan sabuwa.

Akwai kuma lambar kaya, kamar 47P ko 52P. Lamba 47 na nufin taya na ɗaukar kilo 175, lamba 52 kuma kilo 200. A yi lissafi. Babur kansa ya haura kilo 100. Mai tuƙi, a ce kilo 65. In aka ɗora buhu biyu na gero mai kilo 100, an doshi kilo 400, kuma mafi yawansu a kan tayar baya suke. Sawu biyu ya fi arha bisa ga taya da wili da ƙafar mutum.

WILI DA BORIS

Wili mai wayoyi, galibi guda 36 ne, yana kuka ƙis-ƙis in wasu sun saki. A bi su ɗaya-ɗaya ana bugawa da sifana. Mai lafiya na amsawa da siririyar murya, wadda ta saki muryarta a dushe take. A riƙe alli kusa da bakin wili a juya. In allin na taɓawa a wani wuri yana kuskurewa a wani, wili ya karkace. In kaucewar ta wuce milimita 2, a kai ma mai ɗaurin wili. Mai ɗaure waya guda shi kaɗai ba bisa sani ba yana ƙara karkata shi ne.

Boris su ne ƴan ƙwallayen ƙarfe da ke cikin cibiyar wili. Rairayi da ruwan damana ne abokan gabarsu. In sun lalace suna gurnani gurrr, kukan na ƙaruwa da gudu, yana sake murya in an karkata a kwana. A kama taya sama da ƙasa a girgiza ta gefe da gefe. In an ji ƙwas-ƙwas, boris sun tafi. Ana canza su duka biyu tare. Boris da suka mutu na sa wili ya kwanta gefe, birki ya riƙa goga. Mutum na iya canza takalmin birki sau biyu a banza, alhali ciwon na wajen boris.

YADDA BIRKI KE AIKI

Yawancin baburan karkara, irin su Kasea da Boxer da Haojue, birkin ganga gare su a baya, wasu har da gaba. Wani Bafaranshe mai ƙera motoci, Louis Renault, shi ya fito da irin wannan birki a shekarar 1902. Da yawa daga cikin baburan Sin kuwa an kwaikwaye su ne daga Honda CG 125, wanda Japan ta fitar a 1975. Shi ya sa gyaransu ya yi kama da juna.

Cikin cibiyar wili akwai rami kamar kwano, shi ne ganga. Cikin gangar akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata. In an taka birki, sandar ƙarfe ta ja wani ɗan hannu, hannun ya murɗa wani ƙarfe mai faɗi da ke tsakanin takalman, su buɗe su matse ganga. In an saki, sifirin biyu su jawo su ciki. Gogar birki na nufin takalman ba su koma wurinsu ba.

Alamunta huɗu ne. Babur na nauyi wajen turawa. Ba ya gangarawa in an saki mai. Shan mai ya ƙaru ba dalili. Cibiyar wili na zafi. Don a tabbatar, a yi tafiyar kilomita 2 ko 3 a hanyar da babu cunkoso, a bar babur ya tsaya da kansa, a kusantar da bayan hannu ga cibiya ba tare da an dafa ba. Ɗumi kaɗan ba komi. In kuwa ɗigon ruwa ya yi cuu a kanta, ko ana jin ƙauri, birki na goga.

DALILAN GOGA DA MAGANINSU

Na ɗaya, an ɗaure noti fiye da kima. A ƙarshen sandar birkin baya akwai noti. Matakin birki dole ya yi wasa santimita 2 zuwa 3, faɗin yatsa biyu, kafin ya fara kamawa. Hannun birkin gaba mai waya kuma santimita 1 zuwa 2 a bakinsa. In babu wannan wasa, a sassauta noti rabin juyi rabin juyi, ana juya taya, har ta saki. Sannan mutum ya hau, wani ya hau bayansa, a tura a gani, don nauyi na iya rage wasan.

Na biyu, jan sarƙa. In an ja wili baya don a ɗaure sarƙa, sandar birki ma ta ɗaure ke nan. Duk wanda ya ja sarƙa ya sake duba birki. Sarƙa kanta tana son wasa santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Kuma a dubi ƴan zane-zanen da ke dama da hagu wajen notin wili: dole su zama lamba ɗaya, in ba haka ba wili ya karkace, taya ta ci gefe guda.

Na uku, ƙura da tsatsa. Ƙarfen da ke buɗe takalma yana juyawa ne cikin rami. Ƙurar hunturu da lakar damana na cika ramin har ya cije. Alamarsa, in an saki birki ɗan hannun ba ya komawa sai an tura shi. A kwance, a goge, a shafa giris ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero a jikin ƙarfen kawai. Wayar birkin gaba ma in ta bushe ko zarenta ya fara tsinkewa tana riƙewa. Busasshiya a ɗiga mata mai, mai tsinkewa a canza ta.

Na huɗu, sifirin ya gaji ko ya karye, ko fatar takalmi ta ɓare. Kukan nan ƙarar-ƙarar ne cikin ganga. Kada a ƙara tafiya da shi. Ɓallin da ke yawo ciki na iya cije wili ana cikin gudu.

Na biyar, takalma ba su zauna tsakiya ba bayan an kwance wili. A sassauta babban notin wili, a juya taya, a taka birki da ƙarfi, a ɗaure notin ƙafa na kan birki. In notin mai ƴar ƙusar tsaro ne, a mai da ita.

Na shida, ƙafar mai tuƙi. Wasu na ɗora ƙafa a kan matakin birki duk tsawon tafiya ba su sani ba. Wanda ke bayansu zai ga jar fitila na ci ba ta mutuwa. Maganin wannan kyauta ne.

In birki na ƙiii lokacin da aka taka shi kawai, ƙura ce, ko fuskar takalmi ta yi santsi. A goge ta sama-sama da sanfefa. In da safe ne bayan ruwan dare, tsatsa ce, tana wucewa bayan taki biyu ko uku. In an ƙetare korama ko tafki, birki ya jiƙa ba ya kamawa, a tafi sannu ana ɗan taka shi har ya bushe. Amma in ana jin ƙarfe na cin ƙarfe, fata ta ƙare. Fatar da ba ta kai milimita 2 ba a canza ta. A baburan da yawa akwai ƴar kibiya a hannun birki da wata alama a jikin marufi. In an taka birki suka haɗu, takalmi ya ƙare.

BIRKIN FAIFAI

Wasu sababbin babura na da faifan ƙarfe a gaba, mai aiki da man birki. Shi ɗan shii kaɗan halinsa ne, muddin taya na juyawa sake. In ya riƙe, ko faifai ya yi zafi ba a taɓa birki ba, datti ne ya hana abin matsewar komawa, ko an cika ma ɗan tankinsa mai fiye da layi. In goga na zuwa sau ɗaya a juyi, faifai ya lanƙwashe, sau da yawa daga faɗuwa ko daga hannun mai faci. Irin man da yake sha na rubuce a marufin tankin, DOT 3 ko DOT 4, kuma ana canza shi duk shekara 2. Man inji ko man gyaɗa na kumbura robobin ciki, birki ya mutu. In an kwance wilin gaba an mai da, a matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri kafin a hau.

ABUBUWA HUƊU DA BA A YI

Ba a zuba mai cikin ganga don kuka ya daina. Kukan zai daina, birki ma ya daina. Takalmin da ya sha mai sai canji.

Ba a cusa guntun gwangwani don a ƙara ma tsohon takalmi kwana. Ƙarfen da ke buɗe su na iya wuce iyaka ya ƙi dawowa, wili ya cije.

Ba a hura ƙurar ganga da baki ko da famfo. Wasu takalma na ɗauke da wani abu mai suna asbesto, ƙurarsa na lalata huhu a hankali. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ba a cire birkin gaba, ba a kuma sassauta birki har ya daina kamawa don a huta da goga. A kan gudron birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. A cikin rairayi ne ake lallaɓa shi. Mai gudun kilomita 40 a awa na cin mita 11 a daƙiƙa guda. In gudu ya ninka biyu, filin da birki ke bukata ya ninka huɗu. Saniya ko yaro da ya fito daga bayan dangar gona ba ya jira.

A WURIN MAKANIKE

Mai babur da ya je ya ce, "Malam, moto na kuka, a duba," ya buɗe ƙofar kashe kuɗi. Amma wanda ya ce, "Malam, kukan na baya ne, sau ɗaya a juyi, in na taka birki yana ɗaukewa, kuma tun ranar da aka ja sarƙa ya soma," ya yi rabin aikin. Makanike zai tafi kai tsaye wurin ciwo. Mai babur ya tsaya a kwance a gabansa, ya nemi a nuna mishi abin da aka cire. In za a sayi taya ko takalmin birki, a tuna araha ba ta ado. Boris, ɗaurin wili da birkin faifai aikin masu sani ne. Iska, wasan birki, wasan sarƙa da cire tsakuwa kuwa aikin mai babur ne, kowane mako, kafin ranar kasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. Kowane ɗaya daga cikinsu maigidan wani gida ne, ko uwa, ko ɗa. Birki mai kyau da taya mai kyau da hular kwano ba su hana ajali, amma Allah ya ba mutum hankali don ya kiyaye. Rigakafi ya fi magani.

DON TATTAUNAWA A AJI

1. A fita waje a karanta rubutun tayar babur ɗaya. Mene ne girmanta? A wace shekara aka yi ta?
2. In taya na juyi 500 a kilomita 1, sau nawa za ta juya a kilomita 12?
3. Me ya sa ake duba birki bayan an ja sarƙa?
4. Wanda ya karanta wannan ya karanta ma maƙwabcinsa da bai shiga aji ba tukuna.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai yi bayani a kan fitila da batir, da tafiyar dare lokacin kaka. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.